Tebur Uku Daga Saiwa Ɗaya

Wanda ya bi ta Mayo Gwoi a Jalingo ya ga shagon da aka jibge saiwoyi da kututturai a ƙofarsa zai ɗauka itacen girki ake sayarwa. Ba a sayarwa. Shagon Maliki ne, kuma duk wadda ta tsaya ta tambayi kuɗin ɗauri ɗaya, harara take samu kyauta ta ƙara gaba.

A unguwar Turaki aka haife shi, shekara arba'in da 'yan kai da suka wuce. Kakansa ne ya zo daga Zariya da zarto da gizago, ubansa ya gaji sana'ar, ya ƙare rayuwarsa a kan ƙofofi da bencin makaranta. Shi kuwa Maliki tun yana saurayi katako ya gundure shi. Ya tsallake ya tafi koyon walda, ya shekara shida yana ƙona idanunsa a kan get da tagogi, sai da uban ya kwanta ciwon ajali sannan ya dawo ya karɓi shagon. Tun daga nan kafintoci suke cewa ɗan walda ne, 'yan walda suna cewa kafinta ne, shi kuma bai taɓa damuwa ya raba musu gardama ba.

Wata damina kogi ya cika ya tumbatsa, ya ci gonakin bakinsa, da ya janye sai ya bar itatuwan da ya tumɓuke kwance a kan yashi. Jama'a suka fito da gatari. Maliki ma ya je da nasa, amma sai ya tsaya a gaban wata saiwa da ta buɗe yatsu biyar sama kamar hannun mai addu'a, ya kasa sara. Ya nemo amalanke ya turo ta gida. Matarsa Hajara ta yi murna ta ce an huta sayen gawayi, ya ce in ta taɓa ta za a ji kansu. Wata takwas saiwar tana zaune a tsakar gida kaji suna hawa. Daga bisani ya kankare ta, ya goge, ya ratsa rodi ta tsakanin yatsun, ya shimfiɗa farantin ƙarfe a kai, sai ga kujera. Mummuna ce, in za a faɗi gaskiya, amma ba wanda ya taɓa wuce ta bai waiwaya ba.

Daga nan hanya ta buɗe masa. Ba ya miƙar da saiwa, ba ya rage mata ƙulu ko rami, yadda ruwa ya kawo ta haka yake barin ta. Sai ya kawo ƙarfe miƙaƙƙe sambal ya soke ta da shi, ya kawo gilashi ya ɗora. In an tambaye shi me ke nan, yakan ce itace na Allah ne, ƙarfe da gilashi namu ne, shi dai kokawa yake haɗa su, ya tsayar da kokawar a tsakiya kafin wani ya kayar da wani. Ma'aikatan gwamnati suka fara zuwa, da masu otal, da matan da suka gaji da kujerun kushin iri ɗaya da na maƙwabta. Wani malamin zane daga jami'a ma ya zo ya yi rabin sa'a yana zuba Turanci a kan yaƙin daji da birni da ya ce yana gani a kujerun. Maliki ya yi ta gyaɗa kai, malamin ya tafi bai sayi ko ɗan kwando ba.

Sai dai sana'ar tana da ƙa'ida guda, kuma shi da kansa ya gano ta. Itace ko an sare shi bai gama motsi ba. Yana fitar da ruwan cikinsa a hankali, yana tsukewa, yana murɗewa. Ƙarfe ba ya bin sa, gilashi kuwa ba shi da haƙuri ko kaɗan. Saboda haka duk farkon wata sai Maliki ya ari sikelin maƙwabcinsa Sada, dillalin hatsi, ya ɗora kowace saiwa a kai, ya rubuta nauyinta da alli a jikinta. Sai lambar ta tsaya wuri ɗaya wata uku a jere sannan wutar walda take kusantar ta. Wata saiwar takan ci shekara biyu tana jira. Duk Jalingo an san shi da wannan, har ana yi masa tsiya a kai, shi kuwa da shi yake taƙama.

Shekara huɗu da suka wuce, ruwan Satumba ya kawo masa saiwar madaci wadda bai taɓa samun irinta ba, ja wur, mai yatsu da yawa. Ya raba ta gida uku. A watan Nuwamba sai ga Mama Cecilia, tsohuwar nas da ta yi ritaya ta koma gidanta a Sunkani. Ɗanta zai zo Kirsimeti da iyalinsa, tana so falonta ya fita kunya. Tana shiga shagon ta dafa ɗaya daga cikin ukun.

"Oga kafinta, wannan ne nawa. Ka yi mani tebur da shi, gilas a sama, ina so ina ganin ƙafan shi ta ciki. Amma kafin Kirsimeti fa."

"Mama, sai na auna tukuna."

"To ka auna mana. Ni na hana ka?"

Sikelin ne babu. Kaka ta yi, Sada ya loda shi a mota ya shiga ƙauyuka sayen masara da riɗi, ba zai dawo ba sai bayan sabuwar shekara. Maliki ya yi kwana biyu yana zagaya saiwar. A na uku sai ya yi abin da ya ga ubansa yana yi wa katako: ya ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa, ta amsa ƙwal, ya manna kuncinsa a jikinta, bai ji sanyi ba. Haka tsoffin kafintoci suke gane busasshen katako, kuma ba su yi ƙarya ba, amma katakonsu bai wuce kaurin tafin hannu ba. Wannan kuwa ta fi cinyar bijimi kauri. Bayanta ya bushe, cikinta yana nan sharkaf da ruwa. Can ƙasan ransa ya san haka, ya dai ƙi saurara ne.

Tunda an kunna wuta, sai ya haɗa ukun gaba ɗaya, duk fasali ɗaya. Ya kewaye yatsun kowace saiwa da zoben ƙarfe, ya fafe tsagi a cikin yatsun, ya zaunar da gilashi mai kaurin ɗan yatsa a ciki daram, ko allura ba za ta sami wurin shiga ba. Wannan matsewar ita ta fi burge shi. Ranar da Mama Cecilia ta zo ɗauka ta zagaya teburin tana tafi.

"Ya bushe ko? An ce kai kana auna itace kamar bebi a asibiti."

"Ya bushe, Mama. Na auna."

Na biyun wani mutum ne ya saya, matafiyi a farar mota, wanda ya hango shi daga titi ya taka birki. Bai yi ciniki ba, ya ce tafiyarsa da nisa, aka naɗe masa teburin da kwali aka ɗaure a baya. Maliki bai tambayi sunansa ba, balle garinsu. Na ukun ya bar shi a shago don masu wucewa su gani.

Aka shiga Maris, zafin da ko ƙadangare sai ya nemi inuwa. Wata Talata, Maliki ya idar da azahar, ya tura butarsa ta roba ƙarƙashin teburin don kada ruwan ya yi zafi, ya zauna yana goge wani ƙarfe. Sai ya ji ƙas. Ya ɗauka ɓera ne. Jim kaɗan ya sake jin ƙas, ya ɗaga kai. Ƙarar da ta biyo baya sai da ta kori tattabarun kan rufi. Gilashin ya dare gida uku, ɓari mafi girma ya sulluɓo ya faɗo ta bakinsa, ya raba butar biyu, ya ɓantare siminti.

Maliki ya zauna yana kallon ruwan butar yana gangarowa wajen ƙafarsa. Ya matsa ya duba saiwar. Yatsun sun tanƙwaro ciki, kowanne ya matso kamar faɗin farce biyu, zoben ƙarfe kuma ya hana su wata hanya sai ta kan gilashin. Wata uku ke nan itacen yana shaƙe shi a hankali, shi yana zaune a gefe yana shan shayi.

Nan take ya tuna wayar da Mama Cecilia ta yi masa bayan sabuwar shekara. Godiya ta kira ta yi, tana dariya tana cewa ɗanta ya bar mata jikarta Rejoice, 'yar shekara biyu, kuma yarinyar ta mayar da ƙarƙashin teburin ɗakinta. Nan take wasa, nan take barcin rana, tana kallon gindin kwanuka ta cikin gilashi.

Ya lalubo wayarsa, don sauri har sau biyu yana danna lambar wani kafin ya sami tata. A kashe. Ya sake kira, a kashe. Ya kira na uku yana roƙon Allah a fili, muryar nan ta mace ta sake gaya masa a kashe take.

Da gudu ya shiga gida ya fizge bargo daga kan gado, Hajara tana tambaya bai ko waiwaya ba. Ya ɗauki guduma ya faɗa shagon Sada, wanda ya daɗe da dawowa daga ƙauyuka, ga sikelin nan ma a ƙofa an ɗora masa buhu.

"Tashi ka kai ni Sunkani. Yanzu."

Sada ya dube shi, ya dubi gudumar. "Malam Maliki, gidan mutane za ka faɗa da guduma a hannu, ido jajur, ba sanarwa? So kake a tara mana unguwa? Naɗe ta a bargon."

Sunkani ba nisa, amma ranar hanyar ta ƙi ƙarewa. Suka tarar da tirela ta toshe rabin titi, suka tarar da garken shanu yana tsallakawa kamar an ba su hanyar gado, makiyayin yana ɗaga musu hannu yana gaishe su da Fulatanci, jam na, jam na. Maliki ya yi ta kiran lambar. Idan ya rufe ido butar yake gani, rabi nan rabi can, sai ya buɗe da sauri. Gumi ya jiƙa rigarsa har ta manne da kujera. A hanya ya gaya wa Sada komai, bai rage ba. Da suka wuce wata gada, Sada ya ce, "To na mai farar motar fa?"

"Tuƙa motarka, Sada."

Tun daga get suka ji waƙa. Taron zumuntar matan coci ake yi a gidan, shi ya sa aka kashe waya. Mata sun kai goma sha biyu cikin zane iri ɗaya, sun zagaye falon, wata tana buga tulu, wata ƙaramar ganga. Maliki ya tsaya a bakin ƙofa ya leƙa. Teburin yana tsakiya. An ɗora masa manyan kuloli biyu na shinkafa da tulin faranti. A ƙarƙashinsa, a kan wani zane da aka shimfiɗa, yarinyar tana barci rigingine, hannu ɗaya a kan cibiya. Kusa da ɗaya daga cikin yatsun saiwar kuma, a gefen gilashin, ya hango wani ɗan farin tabo kamar ƙwayar shinkafa. Gilashin ya fara ci.

Ya so ya yi ihu, ya fasa. In ya yi ihu matan za su zabura, wata ta bangaje teburin, ko yarinyar ta farka ta ɗaga kai. Ya cire takalmi, ya yi sallama da muryar da shi kansa bai gane ta ba.

Mama Cecilia ta juyo. "A'a, oga kafinta! Lafiya? Shigo mana."

"Mama, don girman Allah a tsayar da kiɗan. Kowa ya zauna yadda yake. Kada wanda ya taɓa teburin nan."

Waƙar ta mutu a tsakiyar baiti. Ya miƙa wa Sada bargon, ya kwanta rub da ciki a kan tayil, ya ja jiki har ya kamo bakin zanen da yatsu biyu. Ya fara ja a hankali. Yarinyar ta taho, ƙafafu suka fito, gwiwoyi suka fito. Sai zanen ya tsaya. Ɗaya gefen ya maƙale a wani ƙulu na saiwar, irin ƙulun da yake taƙama ba ya cirewa.

A saman kansa aka ce ƙas.

Duk falon an ji. Wata mata ta ce Yesu. Maliki bai ja baya ba. Ya cusa kansa da kafaɗunsa a ƙarƙashin teburin, ya yi wa yarinyar rumfa da bayansa, ƙeyarsa tana jin nauyin abin da ke sama tun bai faɗo ba. Ya miƙa hannu yana lalube, farcensa ya kasa kama zaren, ya sake, ya sake, har zanen ya yage ya saki. Ya rungumo ta ya ja baya da gwiwa, bai tsaya ba sai da bayansa ya bugi kujera.

"Me yake yi da yarinyan?" in ji mai ganga, ta miƙe tsaye. Rejoice ta farka ta ga baƙuwar fuska, ta tsala kuka. Maliki ya miƙa ta ga kakarta.

Mama Cecilia ta karɓe ta, fuskarta ta ɗaure. "Malam Maliki, ka faɗa mani abin da ke faruwa a gidana."

"Teburin zai fashe, Mama. Ɗan'uwansa ya fashe a shagona ɗazu."

"Wane irin fashe? Tebur ɗin nan wata uku yana nan, ba abin da ya same shi. Kai ka ce ka auna."

Mata goma sha biyu suna kallonsa, rabinsu matan ma'aikata ne, irin masu sayen kayansa. Ya san duk abin da ya faɗa yanzu zai riga shi isa Jalingo.

"Ƙarya na yi miki. Ban auna ba."

Shi da Sada suka sauke kulolin ɗaya bayan ɗaya, suna riƙe numfashi, suka kwashe farantan, suka lulluɓe teburin da bargon har ƙasa. Ya roƙi matan su koma bakin ƙofa. Da Mama Cecilia ta ga guduma sai ta ɗaga hannu.

"In ka fasa mani shi a banza fa?"

"In a banza ne, Mama, ki kai ni duk inda kike so."

Bai buga ba. Taɓa gefen kawai ya yi, yadda ake ƙwanƙwasa ƙofar mara lafiya. Teburin ya amsa da ƙarar da ta sa mata biyu suka zube ƙasa. Bargon ya lotsa. Da ya ɗaga gefensa, ga wani ɓari mai tsawon kamu biyu ya faɗi ta tsininsa ya tsaga tayil, daidai inda guntun zanen da ya yage yake kwance.

Mama Cecilia ta nemi kujera ta zauna. Ta matse jikarta a ƙirji har yarinyar ta ƙara kuka. Ba ta zage shi ba, kuma da ta zage shi da ya fi jin sauƙi. Ta daɗe tana kallon tayil ɗin, sannan ta ɗago ta yi magana da muryar da ta shekara talatin tana tambayar 'yan'uwan marasa lafiya.

"Guda nawa ka yi?"

"Uku."

"Naka ɗaya, nawa ɗaya. Ɗayan yana ina?"

"Wani matafiyi ya saya."

"Sunan shi?"

"Ban tambaya ba."

"Garin shi?"

Ya sunkuyar da kai.

"To me kake yi a nan kana kallona? Tashi ka je ka neme shi."

Ya nema. Ya bi tashoshin mota yana kwatanta mutumin, amma me zai kwatanta? Dogo ne, ba fari ba baƙi ba, da farar mota. Ya kai sanarwa gidan rediyo aka yi ta karantawa sati biyu, da Hausa da Fulatanci da Turanci. Mama Cecilia ta ɗauki hoton fasasshen teburin ta tura wa duk matan coci da ta sani, daga Wukari har Yola. Ya rubuta allo da jan fenti ya kafa a bakin titi, cewa wanda ya sayi teburin madaci a nan watan Disamba ya cire gilashin, ya kira wannan lamba. Rana ta cinye fentin, ya sake rubutawa, yanzu karo na huɗu ke nan.

Ciniki ya ja baya na wani lokaci, daga baya ya dawo, don mutane ba su da dogon riƙo. Yanzu yana barin tazara tsakanin itace da gilashi, ya cike da roba, aikin bai kai na da kyau ba kuma ya sani. Ya rame. Da Maris ta kama ba ya iya cin abincin kirki, in cokali ya faɗi a tsakar gida sai ya zabura. Hajara takan ce masa wataƙila ya fashe tun a hanya, ko ya fashe ba kowa a ɗakin, ko kuma ɗaki mai sanyi aka kai shi yana nan lafiya. Yakan ce wataƙila. Wannan na ƙarshen ne ba ya son ji, don in yana nan lafiya, to yana nan yana jira ke nan.

Har yau in farar mota ta rage gudu a gaban shagon, Maliki yakan ajiye abin da ke hannunsa ya miƙe tsaye, ya zuba wa ƙofar direba ido. Shekara huɗu yana roƙon Allah ya dawo masa da mutumin nan, kuma duk lokacin da ƙofar ta fara buɗewa sai ya ji yana roƙon kada ya zama shi ne.